Guda Nawa Ne Shanun Baba?

Litinin, 8 ga Yuli, bayan magariba

Yau Baba ya ce a dawo masa da shanunsa. Ba da ni ya yi maganar ba, bango yake kallo ya faɗa. Yaya Murja ce ta ji, ta fito ta same ni a soro ina duba takardun jarrabawar 'yan aji uku. Ta ce, "Badaru, ka ji abin da ya ce. Kai ne namiji, kai ne mai boko, sai ka san yadda za a yi." Kullum haka ne a gidan nan. In ana rabon nama ni ne ƙarami, in wahala ta zo sai a tuna ni ne namiji.

Shanun suna hannun Baffa Sajo, ƙanin Baba, can wani daji gaba da Ningi. Shekara huɗu ke nan da ya tafi da su, tun da gonaki suka cinye makiyayar da ke bayan Garo. A ƙafa suka tafi, da rani, kwana ashirin da wani abu. Yanzu damina ce, ko'ina shuka, burtalin da suka bi ma wani ya zuba masa masara. Duk wanda ya koro garke ta nan a watan nan, shari'a ya saya wa kansa. Mota dai za a nema.

Ranar Juma'a likita ya sallamo mu. Abin da ya faɗa wa Yaya Murja a baranda ba zan rubuta shi ba. Ya ce dai a ba shi duk abin da ransa yake so.

Talata, 9 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Ana tashi daga makaranta na wuce Gwarzo wurin Haladu mai walda. Shi yake ƙera bodin motocin dabbobi, kuma babu direban da bai sani ba. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi ruwa, ya tambayi mai jiki, na ce da sauƙi. Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya ajiye gilashin waldarsa ya ce, "Guda nawa ne, Malam?"

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da lissafi a Kabo, an tambaye ni shanun ubana guda nawa ne, na tsaya ina sosa ƙeya.

Ya ce iri uku ne. Akwai 'yar ƙaramar tirela mai tsawon ƙafa goma da ya ƙera da hannunsa, ana jona ta a bayan a-kori-kurarsa, tana ɗaukar manyan shanu biyu. Ya nuna min ita a gefen shago, taya ɗaya a sace, kaji sun mai da ƙarƙashinta gida. Ko kallo na biyu ban yi mata ba. Akwai matsakaiciyar motar da ake ce wa kanta, tara zuwa goma. Sai babbar tirela, talatin da ɗoriya.

Na ce to a kawo babbar mana, in wuri ya yi saura ai ba laifi ba ne. Sai ya yi min irin dariyar da nake yi wa ɗalibin da ya raba lamba da sifili.

"Malam, saniya ba buhun masara ba ce. In wuri ya yi musu yawa, direba na taka birki za su zube kan juna, sai ka ji ƙafa ta ɓalle. In ya yi musu kaɗan, wadda ta durƙusa ba ta ƙara tashi, 'yan'uwanta za su tattake ta. So take ta ɗan jingina da ta kusa da ita, ba matsi, ba sakaka. Ka je ka zo min da adadi, da girmansu, da masu ciki."

Na ce gobe zai ji ni.

Laraba, 10 ga Yuli, bayan la'asar

Na tambayi Baba. Na zauna kusa da shimfiɗarsa, na kwantar da murya, na ce mai mota ne yake son sanin adadi don kada su wahala a hanya. Ya dube ni ya ce, "Ba a ƙirga dabba."

Na ce na sani, Baba, amma wannan lalura ce.

"Ka taɓa jin na ƙirga ku?"

Na ce mu ai mu biyu ne, ba sai an ƙirga ba. Inna tana bakin ƙofa tana tankaɗe, ta ɗago ta dube ni. Sai a lokacin na tuna ukun da ke tsakanina da Yaya Murja, waɗanda ban taɓa gani ba. Na tashi.

Da na fito ta biyo ni ta ce, "Abin da aka ƙirga raguwa yake yi. Kakanka bai ƙirga ba, ubanka bai ƙirga ba. Kar ka ƙara tayar masa da hankali." Na ce to Inna, motar fa da me za a auna ta, da addu'a? Ta ce in ban iya ba in faɗa, a nemi wani.

Wa za a nema? Ni kaɗai ne.

Juma'a, 12 ga Yuli, ƙarfe uku

Baffa Sajo ba ya samun sabis sai ranar Juma'a in ya fito masallaci. Tun ƙarfe biyu nake kira, sai a na tara ta shiga. Ya gaida ni, ya gaida Inna, ya gaida Murja da 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ruwa, ya tambayi gero ko ya rufe ƙasa. Ina ji ina gani lokaci na tafiya. Da ƙyar na sami kafa na ce, "Baffa, shanun guda nawa ne yanzu?"

"Suna nan lafiya, sun ƙoshi."

"Na ji. Guda nawa?"

"Yadda Allah ya bar su."

Na bi ta bayan gida. Na ce maraƙa nawa yake ɗaurewa a dangwali da yamma, ya ce waɗanda suka samu. Na ce kanwa kwano nawa yake ba su, ya ce gwargwadon hali. Na ce sun kai ashirin? Ya ce, "Kai ɗan nan, yaya jikin Yaya?" Kafin in ba shi amsa waya ta yanke. Ban ma san amsar da zan ba shi ba.

Sai wata Juma'ar ke nan. Na jefa wayar kan katifa, ta yi tsalle ta faɗi ƙasa, gilashin ya tsage. Ita ma ta sami rabonta.

Asabar, 13 ga Yuli, hantsi

Kwana biyar, ba adadi. Koko rabin kofi Baba ya sha.

Lahadi, 14 ga Yuli, bayan azahar

Tunda ba wanda zai faɗa, na ce bari in yi abin da aka kai ni makaranta dominsa. A tsohuwar wayata akwai hoton da na ɗauka ranar da suka tafi. Na ƙura masa ido, na sami kawuna goma sha huɗu, ko sha biyar, don na ƙarshen ban tabbata ba ko jakin Baffa ne. Na ɗauka goma mata ne. Na sa kowace tana haihuwa duk wata goma sha takwas, na cire waɗanda na ji an sayar, na cire na mutuwa, na ƙara karsanan da suka isa haihuwa. Shafi biyu na cika. Amsa ta fito ashirin da uku da ɗigo huɗu.

Yaya Murja ta shigo ɗaukar tabarma, ta leƙa takardar. Ta ce, "Ɗigo huɗun nan ƙafa ce ko wutsiya?" Na ci gaba da lissafina. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Badaru, ka ɗauki 'yar ƙaramar nan da ka ce, ka je ka kawo masa ko guda ce."

Raina ya ɓaci. Mutum ya kwanta yana neman garken da ya ƙare ƙuruciyarsa a bayansa, in tashi in kawo masa guda ɗaya kamar mai raba sadaka? Na ce ko dai duka, ko ba komai. Ta ce, "To Allah ya sa kar a yi ba komai ɗin." Ta fita.

Ita ba ta san yadda ake aiki ba. Abu in za a yi shi, a yi shi daidai.

Talata, 16 ga Yuli, bayan magariba

Na kai wa Haladu ashirin da huɗu, na cike masa ɗigon. Ya ce sun fi ƙarfin kanta, ba su cika tirela ba, amma za a yi dabara. Za a ɗauki tirelar, a kafa shingen katako a bayan na ƙarshe don kada su yi yawo a ciki. Ya kira wani direba, Zailani, ya ce yana hanyar kudu da kaya, ranar Litinin zai dawo. Na ce Litinin ta yi nisa. Haladu ya ce tirela ba babur ba ce da za a tsayar a bakin titi.

Na dawo da ɗan ƙarfina, na shiga na ce wa Baba an sami mota. Ya ce to. Tuwon da aka kai masa yana nan yadda aka kai shi, miyar ta yi sanyi har ta kama.

Laraba, 17 ga Yuli, la'asar

Danginmu na Getso sun zo dubiya. Sauran sun koma, Gwaggo 'yar'uwar Baba ba ta koma ba. Da ƙullin kayanta ta zo.

Juma'a, 19 ga Yuli, ƙarfe uku da rabi

Na sami Baffa. Ban bari ya gama gaisuwa ba, Allah ya yafe min, na ce tirela na zuwa ranar Talata, ya shirya su. Ya kwashe da dariya har da tari.

"Tirela? Ta ina? Daga kwalta zuwa wurinmu hanyar amalanke ce, ga rafi a tsakiya. Ƙaramar mota ma sai an kwana biyu ba ruwa take hayewa."

Na ce to ya koro su bakin kwalta. Ya ce hagu gona, dama gona, in ya bi da garke ta nan sai dai mu je belinsa. Na ce me ya sa bai faɗa min wancan makon ba? Ya ce ban tambaye shi hanya ba, adadi na yi ta tambaya.

Ya ce in ba shi Yayansa. Na kai wayar kunnen Baba, na riƙe masa don hannunsa ba ya iya riƙewa. Ban ji abin da Baffa yake cewa ba. Baba dai yana cewa to, to. Can ya ce, "Wule fa?" Ya saurara, ya lumshe ido. Na ɗauke wayar na fita neman lambar Zailani in ce ya bari.

Mako guda cur ya tafi a banza kan motar da ba za ta iya zuwa ba. Haushin kaina nake ji, da na Baffa, da na wanda ya ƙirƙiro tirela.

Asabar, 20 ga Yuli, bayan azahar

Na koma Gwarzo. Na ce wa Haladu kanta za a yi, sawu biyu da rabi, in ta kama uku. Ya ɗauki alli yana zana min a ƙofar shagonsa yadda ake jera su, kan wannan wajen wutsiyar waccan. Sai ya tsaya ya ce, "Af, farare ne ko jajaye?"

Na ce jajaye ne, irin na kakanmu.

Ya ajiye allin. Ya ce jar saniya da ƙahonta wurin saniya ɗaya da rabi take ci. Ya ce a mota ƙahon ake ɗaurewa a ƙarfen sama don kada su soki juna, kuma motocin kanta da ke nan duk ƙarfensu gajere ne, na farare aka yi su. Jajaye in aka sa su ciki, wuya a karkace za su yi tafiyar, kafin Kano wata ta shaƙe. Sai an nemo mai dogon ƙarfe. Ya san guda, tana can Mainika tana jigilar taki, ba a san ranar da za ta gama ba.

Na ɗaga murya. Na ce kwana goma sha ɗaya ina zarya a shagon nan, me ya hana shi tambaya tun farko? Mutane suka fara juyowa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce a hankali, "Malam, ɗan gidan shanu ne kai. Na ɗauka kai za ka faɗa min."

Har na iso Garo maganar nan tana cina. Ɗan gidan shanu. Ina shekara bakwai Baba ya karɓe sandar hannuna ya ba ni jaka. Shi ya ce in tafi, na tafi. Yanzu kuma kowa mamaki yake ban san ƙaho ba.

Litinin, 22 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Na ari tef na awo wurin tela, na je gidan maƙwabcinmu Malam Tasi'u in auna faɗin ƙahon shanun huɗarsa, ko na sami abin da zan yi lissafi da shi. San farko ya tsaya. Na biyun ya kaɗa kai, da ban ja baya ba da yanzu ni ma ina kwance. Rigata ta yage daga hammata har ƙasa. Malam Tasi'u ya gama ba ni haƙuri, sannan ya ce, "Amma Malam, ai nawa farare ne. Na Mijinyawa ƙahonsu ya yi biyun wannan."

Ya san sunan ubana, ya san ƙahon shanun ubana. Kowa a garin nan ya sani ban da ni.

Ban shiga ɗakin Baba ba yau. Daga bakin ƙofa na gaishe shi.

Talata, 23 ga Yuli, bayan magariba

An mai da Baba ɗakin Inna, wai ya fi kusa da ruwa. Inna ta aika aka sayo madara sabuwar tatsa, ta ɗumama, ta ba shi a ludayi. Ya taɓa da leɓe ya kau da kai. Ya ce ba tasu ba ce. Yaya aka yi ya sani? Madara ai madara ce.

Na ba wata yarinya saba'in da biyu cikin sittin a jarrabawa. Shugaban makaranta ya dawo min da takardun, ya dafa kafaɗata. Na fi son ya yi faɗa.

Haladu bai kira ba. Ta Mainika tana nan tana taki.

Laraba, 24 ga Yuli, hantsi

Ruwa tun asuba. In haka yake a can, rafin Baffa ya cika.

Alhamis, 25 ga Yuli, bayan la'asar

Ina soro da takarduna, ina sake lissafin sawu nawa kanta za ta yi in kowace ta ci wurin ɗaya da rabi, Yaya Murja ta shigo ta fizge takardar. Ban taɓa ganin idonta haka ba.

"Kwana goma sha bakwai kana auna mota. Ka auna tsawo, ka auna faɗi, ka auna ƙahon san mutane. Ba mota kake aunawa ba, Badaru, ɗakin can kake gudu."

Na ce ta iya bakinta. Na ce ni nake yawo cikin ruwa tsakanin Kabo da Gwarzo, ita tana zaune.

"Ina zaune, shi ya sa nake jin abin da yake faɗa. Kwana huɗu ke nan ba ya cewa shanu. Suna ɗaya yake kira, safe da yamma. Da kana shiga da ka ji."

Na ce wane suna? Na riga na sani, na ji ranar Juma'a da kunnena. Na tambaya ne don in sami abin cewa.

Inna ce ta ba ni amsa daga tsakar gida, ba ta ko juyo ba. Ta ce Wule ja ce mai farin goshi. Ranar da aka raɗa wa Baba suna mahaifinsa ya ba shi karsana, to Wule daga tsatsonta ta fito, ita ce ta rage a layin. Da hannunsa ya ciro ta ranar da uwarta ta kasa haihuwa. Ranar da za su tafi har bakin kwalta ya raka ta, ya dawo bai ci abinci ba.

Ina nan ranar. Hoto nake ɗauka.

Ba abin da ya fi min ciwo irin a ce Yaya Murja ce da gaskiya. Na tattara takardun na cusa a jaka. Na shiga ɗakin na zauna har aka kira magariba. Ya rame ƙwarai. Wannan kaɗai zan rubuta.

Juma'a, 26 ga Yuli, ƙarfe biyar

Na ce wa Baffa Wule kaɗai nake so, gobe muna tafe. Bai yi dariya ba. Ya ce tana da maraƙi ɗan wata biyu, ba za ta hau ba sai da shi. Ya ce ruwa ya ɗauke tun Laraba da yamma, in Allah ya riƙe shi zuwa gobe za mu haye.

Na je wurin Haladu na ba shi haƙurin ranar Asabar. Ya ce ba komai, kowa da abin da ke damunsa. Muka kori kajin, ya yi facin tayar, ya zuba yashi a ƙasan bodin ya bi da ƙaiƙayi don kada kofato ya zame. Ya yanko katako na raba uwa da ɗa. Duka aikin bai kai awa biyu ba.

Tana nan a gefen shagon tun ranar tara ga wata. Sau biyar ina wuce ta.

Asabar, 27 ga Yuli, gab da magariba, rugar Baffa

Mun taso bayan asuba. A rafin ruwa ya kai rabin taya, Haladu yana salati ina turawa, muka haye. Baffa ya tsufa shi ma. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, bai tambaye ni jikin Yayansa ba, ya ga fuskata.

Da la'asar sakaliya suka dawo daga kiwo. Ina tsaye bakin garke suka shigo, ƙahoni kamar an ɗaga hannuwa ana addu'a. Wallahi ban yi niyya ba, idona ne ya yi aikinsa kafin in hana shi. Baffa yana kallon leɓena. Na damƙe baki, amma a ciki na kai ƙarshe.

Bai nuna min ita ba. Ya ce in nemo ta. Na zaga sau biyu kafin in ga farin goshin. Ta tsufa, tozonta ya kwanta gefe. Ta shinshina rigata ta kau da kai, ba ta san ni ba, kuma ba ta yi laifi ba.

Lahadi, 28 ga Yuli, bayan magariba, Garo

Da sassafe muka tara ƙasa muka yi tudu, Haladu ya kawo bayan 'yar tirelar ya jingina. Maraƙin muka fara sawa, sai ta biyo shi da kanta. A ƙofa ƙahonta ya ƙi shiga, ya fi ƙofar faɗi. Na ce shi ke nan, ita ma ta yi kaɗan. Baffa ya kama kunnenta ya yi mata magana, ya karkata kanta, ƙaho ɗaya ya shiga, ɗayan ya bi. Da ta miƙe a ciki, gefenta ya jingina da katako, gabanta da saura taku ɗaya. Haladu ya ce ko don ita ya ƙera sai haka.

Tafiyar hawainiya muka yi. Duk bayan awa guda sai mun tsaya mun duba igiya. Ina ta kallon waya, ina tsoron ta yi ƙara. Ba ta yi ba.

La'asar ta wuce muka shigo. Ƙahonta ba zai bi ta soro ba, Malam Tasi'u ya taya mu muka ɗage dangar baya. Tana sa ƙafa tsakar gida ta ɗaga kai ta yi kuka. Yaya Murja ta ce tana ɗaki a lokacin, Baba ya kwana biyu bai buɗe ido sosai ba, ya buɗe ya ce a fitar da shi.

Ni da Haladu muka ɗauko shi a tabarma. Ba nauyi. Muka ajiye shi bakin ƙofar Inna, na jingina shi a ƙirjina. Ita ta tako da kanta ta sunkuyar da kai. Ya ɗora hannu kan farin goshin, ya bi da yatsa har gindin ƙaho, ya taɓa inda igiya ta ɗan goge ta. Ya tsaya nan.

"Wa ya ɗaure ta haka?"

Na ce ni ne, Baba.

"Ba a matsewa. Sai ka sa tsumma a ƙasa."

Na ce na ji, ba zan ƙara ba.

Inna ta saki maraƙin ya ɗan tsotsa, ta janye shi, ta tsuguna da ƙwarya. Shekara huɗu rabonta da tatsa, hannun bai manta ba. Ta kawo masa da ɗuminta. Kurɓa uku ya yi. Na ƙirga, ba zan iya bari ba. Ya ce alhamdulillahi, ya mai da hannunsa kan goshinta.

Na jira ya tambayi sauran. Na shirya bayanin rafi, da na dogon ƙarfe, da na tirela. Bai tambaya ba, ko sau ɗaya. Kwana goma sha tara na ɓata ina neman motar da za ta ɗauko abin da bai tambaya ba.

Litinin, 29 ga Yuli, la'asar

Ban je makaranta ba. A ɗakin na wuni. An kafa mata turke inda zai riƙa jin motsinta.

Talata, 30 ga Yuli

Da hantsi ya cika. Mun kai shi bayan azahar.

Alhamis, 1 ga Agusta, bayan la'asar

An yi addu'ar uku, mutane sun fara raguwa. Wule tana turkenta, Inna ta ce ba inda za ta koma. Da safe na same ta tana tatsa tana yi mata magana ƙasa-ƙasa, na juya na ba su wuri.

Haladu ya zo gaisuwa. Ya zauna kusa da ni a tabarma, aka shafa fatiha. Da zai tashi ya matso ya ce ba lokacin maganar ba ne, amma ta Mainika ta gama taki jiya, mai dogon ƙarfen. In za mu buƙaci a kawo sauran nan gaba, sai in faɗa ya san sawu nawa zai shirya.

"Guda nawa ne, Malam, tunda yanzu ka gano su da idonka?"

Na sani. Tun ranar Asabar adadin yana kaina, har da maraƙa, har da masu ciki. Ashirin da uku da ɗigo huɗuna ko kusa bai yi ba. Kwana ashirin da uku da suka wuce da na ba da komai don in sami abin da zan amsa masa da shi.

Na ce, "Suna nan lafiya, Haladu. Yadda Allah ya bar su."

Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya nemi takalmansa.

A nan ma ba zan rubuta ba.